Ƙarin da Na Ɗaure wa Innarki

Bismillahir rahmanir rahim.

Zuwa ga ɗiyata Rabi'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba. Ina roƙon Allah Ya tsare ki a zaune da tafe, Ya tsare idonki da hannunki da zuciyarki, Ya kai ki inda za ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da ba ki da kowa.

Za ki yi mamakin takarda daga mutumin da bango ɗaya ne tsakaninku. Yanzu haka ina jiyo ki a tsakar gida kina faɗa da Goggonki Dije a kan gishirin da ta zuba a miyata. Da wani uban ne, sai ya ɗaga murya ya kira ki. To, ke 'yar fari ce, mu kuma Fulani ne, ko da fillancin ya gudu daga bakinmu ya bar mu da kunyar. Tun da aka haife ki ban taɓa kiran sunanki ba. "Ke" nake cewa, ko in yi gyaran murya ki gane da ke nake. Yau da na rubuta shi a saman takardar nan sai da na waiga ko wani na kallona. Abin da zan faɗa kuwa gyaran murya ba ya ɗaukarsa, shi ya sa na ɗauko biro da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. In kin ga kuskuren rubutu ki haɗiye dariyarki, Dakta.

Goggonki ta gaya mani kin ce za ki rubuta wa mutanen da suka kira ki aikin bincike a ƙasar waje, ki ce kin fasa. Dalilinki ni ne, da wannan ƙullutun da ya fito mani a wuya, wanda likitoci suka ce sankara ce, kuma ta riga ta yi nisa. Ban yarda ba. Na faɗa tun daga farko don kada ki sha wahalar nema a ƙarshen takarda: ban yarda ki fasa ba. Amma na san ki, kan Innarki gare ki, umarni kaɗai ba ya tashinki daga inda kika zauna. Saboda haka zan gaya maki abin da ba ki sani ba game da rasuwar Innarki, sannan ki auna da kanki.

Kin tuna babbar Sallar da ta wuce, da Baffanki Sale ya zo daga Kurfi ya tsare ki da tambaya a gindin darbejiyar ƙofar gida? Ni ina gefe ina tufkar igiya kamar ba na ji. Ya ce maki, "Wai ke ɗiyar nan, shekara da shekaru kina boko, mi kike nema ne takamaimai? An ce ke Dakta ce, amma ko allura ba a taɓa ganin kin yi ma wani ba."

Kika yi dariya, kika ɗauki dunƙulen fura daga ƙwarya kika jefa cikin nono ba ki dama ba. Kika bar shi ya ɗan jima, sannan kika fasa shi a gabansa. Bayan ya jiƙe, cikin yana nan busasshe. Kika ce, "Baffa, jini shi ke kai iskar da muke shaƙa ko'ina cikin jiki, shi ke kai magani kuma. Ƙarin sankara girma yake da gaggawa har jijiyoyin jini su kasa cim masa, sai tsakiyarsa ta zauna babu isasshen jini, babu iska. Magani ba ya kai wa can sosai. Na'urar da ke ƙona ƙari da haske ma ba ta cin wurin yadda ya kamata, don sai da iskar take aiki da kyau."

Sale ya ce, "To ai shi ke nan, tunda bai samun iska sai ya mutu don kanshi."

Kika ce, "Wani sashe na mutuwa, Baffa. Wanda bai mutu ba shi ne bala'in. Ƙarin da ya saba da rashin iska taurin kai yake ƙarawa. Ya koyi zama da yunwa, sai ya shiga neman hanyar ƙaura zuwa wani wuri a jiki." Daga nan kika yi masa bayanin maganin da kuke nema, wanda zai riƙa yawo cikin jini yana barci, ba ya taɓa inda ke da iska, sai ya isa inda babu ita ya farka ya zama dafi ga ƙarin. Kika ce wasu sun gwada irinsa kafin ku, ya yi aiki a jikin ɓera ya ƙi yi a jikin mutum, kuma ba aikin yau da gobe ba ne.

Sale ya ce Allah Ya ba da sa'a, ya koma kan namansa. Ni kuwa igiyar ta faɗi daga hannuna. Kin zaci tsufa ne, har kika duƙa kika miƙo mani. Ba tsufa ba ne. Maganar da kika yi ta ƙarin da aka hana wa iska ce ta doke ni, don ni na taɓa hana wani ƙari iska da hannuna.

Lokacin muna rugarmu ta wajen Ɗantutture, tun kafin 'yan bindiga su kwashe garken su koro mu Dutsin-Ma. Ke kina makarantar kwana. Wani baƙin tsiro ya fito wa Innarki a ƙwauri, sama da idon sawu kaɗan. Da farko bai fi ƙwayar wake ba. Ya yi ta girma har ya kai goro, yana reto a kan ɗan siririn gindi, in zane ya goge shi sai jini. Kin san yadda muke yi wa shanu. In tsiro ya fito wa saniya a hantsa ko a wuya, sai a tsinko sili daga wutsiyar bijimi, a murza shi, a ɗaure gindin tsiron tamau. Kowace safiya a ƙara ja. Jini ya daina zuwa, abin ya bushe, ya faɗi da kansa. Wurin babana na gada, kuma hannuna ya yi suna a kai.

Innarki ta ce mani, "Malam, ko mu tahi asibitin Kurfi a duba? Abin ga bai yi mani kama da na shanu ba."

Na ce, "Mi za su yi maki can, in ba su ba ki ƙwaya su sallame ki ba? Miƙo ƙahwar."

Ta miƙo. Na ɗaure. Kowace safiya bayan tatsa sai in zaunar da ita a kan turmi in ƙara ja, tana cije leɓe. Tsiron ya yamutse, ya yi wari, wata safiya ta same shi a kan tabarma. Wallahi na yi murna kamar an yi mani bushara da ɗa. Ranar kasuwar Kurfi na shiga kara ina ba da labari, har dillalai suna tsokanata suna kirana likitan Ɗantutture, ni ko ina jin daɗi. Wani mai hatsi ya kawo mani nasa tsiron na bayan kunne, na ɗaure, ya faɗi, ya warke sarai. Nasa tsiro ne kawai, na Innarki ba shi ba ne, amma wa zai gaya mani a lokacin? Na koya wa duk wanda ya tambaya, ban rage komai ba.

Gurbin nata bai taɓa rufewa ba. Kafin kaka ta wuce wasu baƙaƙen ɗigo suka fito a kewayensa. Sannan wani abu mai tauri ya taso mata a matsematsi. Na ce kaluluwa ce, kowane miki yana da tasa, za ta sace. Na cinye rani guda ina kawo jiƙo da shafe-shafe daga kasuwa zuwa kasuwa, don kawai kada in ce hannuna ya yi kuskure.

To ga nasihata ta farko, kuma ta aikinki ce. Ranar da ƙari ya yamutse a jikin ɓerayenki, kada ki yi saurin shiga kasuwa. Abin da ya faɗi a kan tabarma kowa na iya ganinsa, ke tambayarki ita ce me ya rage a ƙarƙashi. Za a yi maki kirari, za a sa sunanki a takardu, kuma kirari yana toshe kunne, ni shaida ne. In wani a cikin abokan aikinki ya ce maki abin nan bai yi masa kama ba, ki ajiye abin da ke hannunki ki saurare shi, ko da ranki ya ɓaci. Mutum ɗaya ne ya yi mani gardama a kan tsiron nan, kuma ita ce mai ƙafar.

Sai da ta kasa tsugunawa tatsa sannan na ɗauke ta. Daga Kurfi aka turo mu Dutsin-Ma, daga nan aka tura mu babban asibiti a birni. Can wani likita ya zo da ɗalibansa suka kewaye gadon. Ya ɗaga zanenta zuwa gwiwa, ya yi ta Turanci yana nuna mikin da biro, su kuma suna rubutu. Innarki, wadda ko ƙanena Sale bai taɓa ganin ƙwaurinta ba, ta rufe fuska da mayafi. Da ya gama ya juyo wurina a tsaye, ya ce za a yanke ƙafar, a buɗe matsematsin a cire abin da ke ciki, sannan a kai ta wani gari inda na'urar ƙonawa take, in layi ya zo kanta. Na ce za ta warke? Ya ce ƙila.

Wannan "ƙila" na riƙe na yi makami da ita. Na ce a kan ƙila ba za a raba matata da ƙafarta ba. Na ce yadda Allah Ya kawo ta duniya cikakkiya haka za ta koma. Maganar ta yi daɗin faɗa, har wasu masu jinya suna gyaɗa kai. Gaskiyar kuwa, ina tunanin abin da za a ce a kara ne, cewa likitan Ɗantutture ya dawo da matarsa da ƙafa ɗaya. Aka kawo takarda na sa hannu na ɗauke ta. Daga likitan har ni babu wanda ya dubi fuskarta ya ce, ke me kika gani?

A mota, mun wuce Kurfi mun kama hanyar ruga, ta yi magana ba ta dube ni ba. Ta ce, "Da ka bari sun yanke. Ƙahwa ɗaya ta ishe ni in ga yarinyar nan ta gama makaranta." Na yi kamar ƙarar mota ta hana ni ji. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya.

Ban sani ba ko yankan zai tsawaita mata kwana. Ke kin fi ni sanin wannan, ƙila ya riga ya makara. Amma ƙafarta ce, kuma kwanakinta ne, ni na yanke hukunci a kansu don kare fuskata. Saboda haka in Allah Ya kai ku ranar da za a gwada maganinku a jikin mutane, ki dubi mai ciwon, kada ki dubi mai rawanin da ya kawo ta. Ki samu kujera ki zauna. Ki yi mata bayani da harshen da take mafarki da shi, yadda kika yi wa Baffanki da dunƙulen fura. In "ƙila" ce kaɗai a hannunki, ki faɗe ta, amma ki tsaya ki warware mata abin da ke cikinta, kada ki jefa ki wuce gado na gaba. Ni na fi likitan nan laifi nesa ba kusa ba, amma da ya zauna, da na rasa inda zan ɓuya.

Laifina na uku shi ne wanda na yi maki ke.

Ta kwanta cikin bazara, lokacin kina shirin jarrabawar fita. Goggonki Dije ta baro ɗakinta ta zo jinya. Bukkar ta kai sai an yi ta turare kafin mutum ya iya zama. Innarki ta rame har munduwarta tana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ita ma ba ta kiran sunanki, amma ta ce wa Dije, "A kirawo mani yarinyar nan in gan ta." Dije ta zo ta same ni a garke. Na ce a bari ki gama jarrabawa, kada a ɗaga maki hankali. Ta sake aikowa, na sake cewa a bari. Na hana kowa ya je makarantarku, na hana a aika. Na gaya wa kaina don karatunki nake yi. Har da wannan a ciki, ba na musu. Amma babban abin shi ne ba na son ki ga ƙafar nan ki tambayi yadda aka yi.

Ta cika da hantsi, shanu sun fita kiwo. Aka yi mata sutura, aka kai ta. Ke kina can kina rubutu.

Ranar da kika dawo ina garke. Na hango ki a bayan babur, akwatinki ɗaure a baya, kina riƙe da ɗan ƙunshin kallabi da kika sayo mata. Kika sauka kina dariya. Kika leƙa bukkar kika ga an share ta, an naɗe tabarma an jingine. Na ji kin ce, "Goggo, ina Inna?" Ni da ya kamata in fito, sai na zagaya bayan shanu na tsaya. Da aka kwana biyu kika tambayi abin da ya kashe ta, na sa Dije ta gaya maki ciwon daji ne, ba shi da magani, babu yadda ba a yi ba. Kika ɗauki "ba shi da magani" kika sa a ranki, kika bi ta har jami'a, har inda kike yau. Ina kallo ana yaba maki, ana cewa saboda Innarta take yi. Na bar ki kina yaƙi da rashin magani, alhali rabin abin da ya kashe ta yana zaune a kan buzu yana cin tuwon da kika aiko da hatsinsa.

Kada ki ɓoye wa mutum abin da yake nasa, Rabi'atu, ko da kina ganin tausayi ne. A aikinki ma haka. In gwaji ya ƙi, ki rubuta ya ƙi, ki sa hannu. Wanda zai zo bayanki yana da hakkin ya san ramin da kika faɗa, don kada ya ɓata shekarunsa yana bin hanyar da kin riga kin san ba ta ɓullewa. Ɓoye kuskure ba ya tsayawa a kan mai shi, a kan na kusa da shi yake sauka.

Tun ranar Sallar nan tambaya ɗaya ke cina. Ranar da kika kai ni asibiti, da kika fita karɓo sakamako, na tambayi matashin likitan da ke duba ni. Na ce masa wani abokina ne ya ɗaure wa matarsa ƙari da silin wutsiya, ko shi ya sa abin ya bazu? Ya dube ni, na san ya gane abokin. Ya ce ba wanda zai iya rantsewa. Ya ce irin wannan baƙin tsiron sau da yawa yakan riga ya yi saiwa kafin a gan shi, kuma a ganinsa silin bai kai jinkirin laifi ba. Yana nufin ya sanyaya mani rai. Bai san silin da jinkirin duk nawa ba ne. Ke ma kada ki zo ki ce mani ba komai. In kin san amsar ta hanyar iliminki, ki faɗa mani ita yadda take. In ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, zan tafi da tambayata wurin Wanda Ya sani.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Kwanakin baya, kafin jikin ya hana ni, na je kasuwar Kurfi. A bakin kara na ga wani magidanci da ƙari a gefen wuya, an ɗaure gindinsa da sili, fatar ta yi shuɗi. Na riƙe hannunsa na ce, "Bawan Allah, kwance abin ga ka tahi asibiti tun da sauran lokaci." Ya dube ni ya yi murmushi. Ya ce, "Haba Malam, ba ka gane ni ba? Ai kai ka koya ma babana." Na sake hannunsa, ya shige cikin mutane. Ban sani ba ko yana raye.

Kin ga ke nan. Aikin hannuna yana nan yana yawo a kasuwanni, ni kuma ba ni da sauran ƙafar da zan bi shi in kwance. A Ɗantutture da Kutawa yanzu haka akwai matan da tsiro ya fito musu, kuma kowace tana da miji mai hannu mai kyau. Mutanenmu a makare suke zuwa asibiti, kuma za su daɗe suna zuwa a makare, lokacin da ƙarin ya girma, cikinsa ya bushe, maganin da ake da shi ya daina kai wa. Irin ƙarinmu ke nan, kuma shi kike nema wa magani. In Allah Ya ba ku shi, kada ki yarda ya tsaya a manyan asibitocin can. Ki yi ta faɗa da wannan taurin kan naki har ya iso inda mota ke ajiye mutum ya ƙarasa da babur.

Shi ya sa da likitoci suka nemi in bari su ajiye ɗan yankin da suka ciro daga wuyana don bincike, na yarda. Baffanki Sale ya tashi kamar zai buge ni. Ya ce, "Yaya, ka bar naman jikinka cikin kwalba? Mi za ka ce ran tashin ƙiyama?" Na ce Wanda zai tattaro ƙasusuwan da ƙasa ta cinye, kwalba ba za ta gagare Shi ba. Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce ba laifi in don amfanin bayin Allah ne. Na sa hannu. Wannan ne karo na biyu da na sa hannu a takardar asibiti.

Yanzu ki gaya mani, in kin zauna me za ki yi mani? Na ji kina gaya wa Goggonki cewa maganin da kuke nema ba zai riske ni ba, ko da kin tafi yau. Kin zaci ina barci. To na ji, kuma na gode da ba ki yi mata ƙarya ba. In kin zauna, auna gishiri za ki yi, da juya ni a kan katifa, da kallon abin da kin fi kowa sanin inda zai ƙare. Dije ta iya wannan, ta taɓa yi. Sale zai riƙa kai ni wurin ƙonawa, ya yi mani alkawari, kuma duk surutunsa ba ya saɓa alkawari. Ilimin da ke cikin kanki kuwa babu mai shi a gidan nan, babu a Kurfi. Wurin da suka ba ki ba zai jira ki ba. Na ci wa Innarki ƙafarta da kwanakinta, na ci maki bankwana da ita. Ba zan ƙara da cinye aikinki ba, in tafi kabari da shi.

Na san abin da ke riƙe da ke. Ba gishiri ba ne. Tsoro kike ki sake dawowa da tsaraba ki tarar an naɗe tabarma. Kina da gaskiya, ni na koya maki wannan tsoron. To ga alkawari, Allah ne shaida. Duk ranar da kika kira waya kika tambayi jiki, ba zan ce maki "da sauƙi" ba sai in da sauƙin. In na kasa cin abinci zan faɗa. In na kasa tashi salla zan faɗa. In bakina ya daina, na sa Dije ta rantse za ta faɗa a madadina, ko da tsakiyar gwajinki ne. In hali ya yi ki zo, ki zo. In ajali ya riga jirgi, kada ki kama kanki da laifi, ki yi mani addu'a a inda kike, tana isowa.

Sauran ƙananan abubuwa kin san su. Ki riƙe sallarki, an ce can rana ba ta da tsari, wani lokaci ta ƙi faɗuwa wani lokaci ta ƙi fitowa, to ki nemi masu sani ki tambaya. Ki ci abinci, don na lura in aiki ya kama ki shayi kaɗai kike sha. Kada ki kulle kanki daga ɗaki sai wurin aiki, ki nemi mata 'yan'uwa da za su san in ba ki da lafiya. Maganar aure ban taɓa matsa maki ba, ba kuma yanzu zan fara ba, amma in mutumin kirki ya zo, ki duba ko yana iya cewa "na yi kuskure" ba tare da an shekara ana jira ba. In sun raina ki don kallabinki ko don inda kika fito, kada ki tsaya gardama, ki yi aikinki. In kuma sun tambaye ki yadda mutanenku ke yi da ƙari, ki gaya musu labarin silin, ba sai kin sakaya sunana ba.

Ba na jin za ki dawo ki same ni. Na faɗa, kin ji, ba wanda zai ce an ɓoye maki. Ina jin tsoro, ba zan yi maki fulako a kan wannan ba, kuma zan yi kewarki fiye da yadda bakina zai iya faɗa. Amma na fi son in mutu kina can a bakin aikinki da in ƙara wata guda kina nan kina kallona.

In kin gama karantawa kada ki rubuto amsa. Ki wanke fuskarki, ki shigo ɗakina da rana tsaka, ki zauna a kan buzuna, ba a bakin ƙofa ba. Ki faɗa mani duk abin da ke ranki game da Innarki, ko da mai zafi ne, zan saurara ba zan sunkuyar da kai ba. Ina neman gafararki, in kin ga za ki iya. In ba za ki iya yanzu ba, ki tafi da ita, ki yafe mani daga can ranar da zuciyarki ta yarda, ko ina nan ko ba na nan. Amma ki shigo da takardun tafiyarki a hannu. In kin shigo hannu wofi, bango zan juya wa fuskata.

Allah Ya jiƙan Innarki, Ya haskaka kabarinta, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin kirari. Ya buɗe maki abin da ya rufe wa waɗanda suka gabace ki, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa. Na yafe maki duniya da lahira, ko da yake ban san abin da kika taɓa yi mani ba. Na ba ki amana ga Wanda amanarsa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Malam Buba,
Dutsin-Ma.